Wa Ya Aiko Ka? Abin da Neman Takardun Gwamnati Ya Koya Mini

A ofisoshin gwamnati na Najeriya da wuya a ce maka a'a. Wannan ne ya fara ba ni mamaki lokacin da aka ɗora mini nauyin wani shirin rediyo mai bin diddigin kuɗin jama'a. Za ka kai takardar neman bayani, a karɓe ka hannu bibbiyu, a ba ka kujera, wani lokaci har da ruwan leda. A tambaye ka gajiya da iyali. Daga nan a ce oga ya tafi taro Abuja, ka leƙo mako mai zuwa. Mako mai zuwa an yi wa oga rasuwa. Na bayansa kuma fayil yana kan teburin babban sakatare, shi kuwa ba a shiga wurinsa sai da izini. Babu wanda ya ɗaga maka murya, babu wanda ya ce ba za a ba ka ba, amma ko layi ɗaya ba ka samu ba. Sai daga baya na gane dabarar. Jami'in da ya ƙi a rubuce dole ya sa hannu ya faɗi dalili, kuma abin da aka sa wa hannu ana iya kai shi gaban alƙali. Wanda ya yi shiru kuwa bai bar wata shaida ba.

Abin da muke riƙe da shi a hannu shi ne Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda 'yan jarida ke kira FOI a taƙaice. An sha wuya kafin a same ta. Tun 1993, ana tsakiyar mulkin soja, ƙungiyar Media Rights Agenda da ta kare haƙƙin jama'a CLO da ta 'yan jarida NUJ suka soma tsara daftarinta. Ƙudurin ya shiga majalisa a 1999, ya daɗe yana kai da komo, kuma ko da majalisun biyu suka amince da shi, Obasanjo ya sauka a 2007 bai sa masa hannu ba. Sai ranar 28 ga Mayun 2011 Goodluck Jonathan ya rattaba hannu. Shekara 18 ke nan daga daftari zuwa doka.

To amma ma'aikacin da ya kai matakin darakta a yau, wata tarbiyya dabam ya taso da ita. Ranar da ya kama aiki an sa shi rantsuwar riƙe sirri. Ga Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 tana nan daram, kuma fayil da yawa an buga musu tambarin sirri ko da abin da ke ciki bai wuce kuɗin tsintsiya da bokiti ba. Manyansa sun ba shi labarin dokar soja mai lamba 4 ta 1984, wadda aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian shekara guda da ita, kan labarin naɗin jakadu. Irin wannan mutum idan ya ga baƙo da takarda yana neman sanin nawa aka biya ɗan kwangila, tambayar da ke fara fito masa ita ce, "Wa ya aiko ka?" Ba lallai da mugun nufi ba. A saninsa, talaka ba ya tambayar irin wannan don kansa, sai dai idan 'yan adawa ne suka turo shi, ko wani abokin aiki mai neman kujerar oga. Alhali sashe na 1 na dokar ya ce mai neman bayani ba sai ya faɗi abin da ya haɗa shi da maganar ba, sashe na 28 kuma ya ce tambarin sirri shi kaɗai bai isa hujjar hana takarda ba. Na kan ɗauki kwafin dokar a jaka, na ja layi a ƙarƙashin waɗannan wurare, domin daraktoci da yawa sun ji sunanta amma ba su taɓa buɗe ta ba.

Wanda ya fi koya mini wannan aiki ba lauya ba ne, ba edita ba ne. Wani dattijon akawu ne a ɗakin karɓar wasiƙu na wata ma'aikata, mai tabarau ɗaure da zare, wanda ya kusa ritaya. Wata rana ina jiran ya buga mini hatimi, sai ya jawo wani tulin takardu daga ƙarƙashin teburinsa ya karkaɗe ƙurar.

"Ɗana, ka ga waɗannan? Duk irin taka ce. Karanta ta saman nan."

Na karanta. Wata ƙungiya ce ke neman dukkan bayanan kwangilolin da ma'aikatar ta bayar cikin shekaru biyar, da yadda aka kashe kuɗin, da dalilin da ya sa wasu ayyukan suka tsaya.

"To wa zai amsa wannan?" in ji shi. "Darakta zai rubuta a gefe a kai wa sashen kuɗi. Sashen kuɗi su ce na sashen ayyuka ne. Sashen ayyuka su ce a nemi shawarar lauya. Ta dawo nan ta kwanta. Kai dai in kana so a ji tsoron takardarka, kira abin da sunansa."

"Kamar yaya, Baba?"

"Ka ce takardar ba da kwangilar gini kaza a gari kaza, ta shekara kaza. Ka ce baucar da aka biya da ita. Ka ce takardar shaidar kammala aiki da injiniya ya sa wa hannu. Abu uku. Kowanne akwai wanda yake aljihun teburinsa, kuma ya san mun sani."

Ya hura hatimin da bakinsa, ya buga a kwafina, ya rubuta kwanan wata da sa'a, ya sa hannu. Ya ce kada in taɓa barin ɗakin nan ba tare da wannan ba, ko da an ce tawada ta ƙare.

Wannan hatimi shi ne komai, domin daga ranar da ke jikinsa ake fara ƙirga. Doka ta ba hukuma kwana 7 ta amsa, tana iya ƙara wasu 7 idan takardun na da yawa, amma sai ta sanar a rubuce. Idan takardar ba tata ba ce, aikinta ne ta tura wa hukumar da ta dace, ba ta kore ka ba. Kuɗin da za a caje ka bai wuce na kwafi ba. In wa'adi ya cika ba amsa, sashe na 7 ya ɗauki shirun a matsayin ƙi, kana da kwana 30 ka garzaya kotu, kuma a can hukumar ce za ta kawo hujjar hanawa, ba kai za ka kawo hujjar nema ba. A takarda abin ya tsaru. A aikace kuwa, ƙaramin gidan rediyon da ke fama da kuɗin dizal ba shi da na lauya, kuma shari'ar da doka ta ce a yi ta cikin gaggawa sai ta ci shekaru. Tarar naira 500,000 da aka sa wa wanda ya hana bayani ba bisa ƙa'ida ba ta yi nauyi a 2011. Yau hauhawar farashi ta cinye ta. Ƙungiyoyi irin su SERAP da ke da lauyoyi suna iya jure wannan hanya. Mu sai muka nemi wata.

A ƙarshen kowane shiri muka riƙa karanta takardun da muka aika: sunan hukuma, abin da muka nema, ranar da aka buga hatimi, da kwanakin da suka shige tun daga nan. Ba zargi, ba sharhi, ba kiɗan tashin hankali a ƙasa. Mako na zagayowa a sake karantawa, an ƙara kwana bakwai. Ba a daɗe ba wani darakta ya kira ni da dare.

"Malam, me muka yi maka ne? Surukina ya kira ni daga ƙauye yana tambaya ko lafiya."

"Lafiya lau, yallaɓai. Takardarmu muke jira."

Da safe masinja ya kawo ambulan. Biyu ne a ciki daga ukun da muka nema, bauca ce babu. Duk da haka mun karanta a iska cewa sun amsa, muka gode musu da suna, domin idan za ka faɗi wanda ya ƙi, adalci ne ka faɗi wanda ya bayar.

Maganar baucar nan ta kai ni ga abin da ban zata ba. Na shiga aikin da tunanin cewa duk takardar da aka hana ni tana nan a wani kabad an kulle. Sau da yawa babu ita sam. Na shiga ɗakin ajiyar fayil na wata sakatariyar ƙaramar hukuma, rufin yana yoyo, gara ta cinye rabin kantar, takardun albashi da na filaye sun manne da juna sun zama dunƙule. Wanda ya san inda komai yake ya yi ritaya. Wanda ya gaje shi yana aiki da kwamfutarsa ta kansa, da aka sauya masa wurin aiki ya tafi da ita. Da farko tausayi abin ya ba ni. Da na ƙara zama da su sai na lura cewa wannan hargitsi akwai masu cin moriyarsa, shi ya sa ba a gaggawar gyara shi. Inda ba a ajiye bauca, ba a iya kama wanda ya karɓi kuɗin aiki ɗaya sau biyu. Dokar ta hango wannan, ta wajabta wa kowace hukuma adana bayananta yadda za a iya samun su, ta kuma tanadi ɗaurin aƙalla shekara guda ga jami'in da ya lalata ko ya sauya takarda da gangan. Sai dai gara ba ta zuwa kotu. Ƙasar da aka taɓa cewa maciji ya haɗiye naira miliyan 36 a ofishin hukumar JAMB da ke Makurɗi a 2018, ai gara ƙaramar mai laifi ce. Abin da nake yi yanzu, idan an ce takarda ta ɓata, sai in roƙi a rubuta mini hakan a sa hannu. Abin mamaki, wani lokaci wannan roƙon kaɗai kan sa a gano ta.

Akwai kuma uzurin da jihohi suka daɗe suna fakewa da shi, cewa dokar ta tarayya ce, ba ta hau kansu ba sai majalisar jiha ta yi tata. Kotun ɗaukaka ƙara ma ta rabu biyu a 2018: reshen Benin ya ce ba ta shafi jihohi ba, na Akure ya ce ta shafe su. Sai a watan Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta raba gardama, a ƙarar da wasu 'yan fafutuka suka shigar kan hukumar yaƙi da cutar ƙanjamau ta jihar Edo, ta ce dokar ta hau kan kowane mataki na gwamnati. Idan aka haɗa da hukuncin watan Yulin 2024 da ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, to ciyaman da ma'ajinsa su ne ya kamata su fi kowa karɓar irin waɗannan takardu, don makarantar firamare da asibitin sha-ka-tafi da rijiyar burtsatse duk a ƙofarsu suke.

Kada wani ya ɗauka aikin takarda da hatimi ba shi da haɗari. Sashe na 39 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin faɗin albarkacin baki da karɓar bayani, sashe na 22 ya ɗora wa kafafen labarai sa ido kan gwamnati, amma sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya kai 'yan jarida da yawa ofishin 'yan sanda kafin a yi masa kwaskwarima a 2024. Ɗan jarida Agba Jalingo ya shafe watanni a tsare daga Agustan 2019 bayan ya yi rubutu yana tambayar inda naira miliyan 500 ta bankin jihar Kuros Riba ta shiga, daga baya kotu ta wanke shi. A watan ne kuma aka ɗauke Abubakar Idris Dadiyata, mai sukar gwamnati a shafukan sada zumunta, daga gidansa a Kaduna, shekaru suka shuɗe ba a ji ɗuriyarsa ba. Duk wanda ke wannan aiki a arewa yana tuna sunan nan idan ya ji mota ta tsaya a ƙofar gidansa da dare.

Amma wanda ya fi mu shiga haɗari shi ne ƙaramin ma'aikacin da ya tsegunta mana. Mu muna da makirfo da ƙungiya. Shi ba shi da kowa. Sashe na 27 na dokar FOI ya ba shi kariya daga tuhuma, tsarin tona asiri da ma'aikatar kuɗi ta fito da shi a Disambar 2016 ya yi alkawarin lada, amma babu ɗayansu da zai hana a tura mutum wani ƙauye mai nisa da iyalinsa, ko a manta da ƙarin girmansa. Kwafin da aka ɗauko a ɓoye yana ɗauke da alamun hannun da ya bi: rubutun gefe, lambar shafi, har inuwar yatsa a hoton waya. Saboda haka idan wani ya kawo mini takarda, ba na karanta ta a iska. Ina duba lambarta da kwanan watanta, in mayar masa da abarsa, sannan in rubuta wa hukumar ina neman wannan takarda da sunanta ta ƙofar gaba. Ya fi jinkiri, amma mutumin yana kwana a gidansa.

Mu ma a cikinmu akwai ɓata-gari, gara in faɗa. Akwai masu kai takardar neman bayani ba don suna son amsa ba, sai don a kira su gefe a ba su na goro. Su ne suka sa jami'i mai gaskiya ma yake kallon kowace takarda a matsayin barazana. Haka nan ba duk hanawa ce zalunci ba. Dokar ta keɓe abin da ya shafi tsaro da binciken da ake kan yi da sirrin mutum na kansa, kuma ni ma ba zan so a miƙa wa wani fayil ɗin asibitin mahaifiyata don ya rubuta wasiƙa ba. Abin da doka ta ce shi ne a rufe wurin da ya keɓanta, a ba da sauran.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, takarda ta zo hannun ɗan jarida ba yana nufin jama'a sun sani ba. Tun 2004 Ngozi Okonjo-Iweala ta fara buga kason kowace jiha da ƙaramar hukuma a jaridu. Kasafin kuɗin tarayya yana intanet, shafuka rututu, da Turancin akantoci. Manomin da aka rubuta sunan ƙauyensa a ciki bai san an rubuta ba. Wannan giɓi ne ƙungiyar BudgIT mai sauƙaƙa wa jama'a bayanin kasafi ta shigo cikewa a 2011, da shirinta na bin sawun ayyuka mai suna Tracka daga 2014. Labarin Bagega a ƙaramar hukumar Anka ta Zamfara ma haka ne. Gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara sama da 400 a jihar tun daga 2010, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka ce ba amfanin ba yaro magani ya koma wasa a ƙasa mai guba, gwamnati ta yi alkawarin kuɗin kwashe ƙasar, kuɗi suka maƙale. Sai da matasan Follow The Money, masu bin sawun kuɗin gwamnati, da wasu ƙungiyoyi suka yi ta kururuwa da sunan garin kafin a sake su a farkon 2013.

Na ga irin wannan da idona a wani ƙauye. Ginin asibiti ne an kai linta aka watsar, ciyawa ta fito a ɗakin haihuwa, awaki na kwana a ciki. Allon kwangila ya yi tsatsa amma hoton ɗan majalisa na nan. Aikin mazaɓa ne, daga cikin naira biliyan 100 da aka shekara da shekaru ana warewa 'yan majalisar tarayya, ayyukan da hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC ta fara bin sawunsu a 2019. Mutanen garin sun ɗauka kyauta ce daga aljihun Onorabul, kuma wanda ya yi maka kyauta ai ba ka bin sa bashin ragowar. Bayan la'asar muka zauna a ƙofar gidan dagaci, na karanta musu layin kasafin da Hausa, da takardar ba da kwangilar, da ranar da aka ce za a gama. Wata tsohuwar ungozoma da ke zaune daga gefe ta ɗaga murya.

"Ɗan nan, kuɗin nan nasa ne ko na gwamnati?"

"Na gwamnati ne, Inna."

"To ashe namu ne. Mu da muka yi ta zuba masa addu'a a banza."

Aka kwashe da dariya, ban da dagaci. Ya jawo ni gefe ya ce, "Malam, ka san albashina daga sakatariya yake fitowa." Na ce, "Ranka ya daɗe, ba sai ka sa hannu ba." Na gaya musu cewa sashe na 3 na dokar FOI ya yarda wanda bai iya rubutu ba ya nema ta hannun wani, kuma ko da baki mutum ya nema, wajibi ne jami'i ya rubuta ya ba shi kwafi. Malamin firamaren garin ya rubuta, maza da mata suka dangwala yatsa har bayan takardar ya cika. Mutum uku suka hau babur suka kai, suka ƙi tashi sai da aka buga musu hatimi.

Ban san abin da aka tattauna a sama ba. Kafin damina dai ɗan kwangila ya dawo da kwano da fenti, aka rufa, aka sa ƙofofi, Onorabul ya zo da 'yan rakiya ya yanke ƙyalle. Ma'aikaci ko ɗaya ba a turo ba, mata na ci gaba da hawa babur da naƙuda zuwa asibitin gari. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: ni da na ga hoton ginin na ɗauka an gama, su kuwa sun ji ƙishin-ƙishin cewa akwai waɗanda ke karɓar albashi da sunan wannan asibiti. Takardarsu ta biyu ba ta bi ta hannuna ba. Malamin ne ya kira ni ya karanta mini ita a waya bayan sun riga sun kai. Sun nemi adadin ma'aikatan lafiya da aka tura asibitin, da matakin albashin kowanne, da ranar da aka tura shi, da kwafin rajistar zuwa aiki ta watanni shida da suka wuce.